Ɓera Bai Mutu Ba, Sai Me? Abin da Gwajin Dabbobi Ke Faɗa Kan Maganin Gargajiya

Duk wanda ya taɓa buɗe kundin binciken ɗaliban harhaɗa magunguna a Zariya, ko Kano, ko Sakkwato, ko Maiduguri, ya ci karo da jimlar nan: an ba ɓeraye tataccen ganyen kaza har miligiram 5,000 a kan kowane kilo na nauyinsu, babu wanda ya mutu, saboda haka ganyen ba shi da haɗari. Sunan itacen ne kawai ke canjawa. Yau sabara, gobe marke, jibi maɗaci ko zogale. Daga kundi jimlar kan shiga mujallar bincike, daga can ta faɗa hannun mai talla, kafin ka ankara ta fito ta bakin lasifika a tasha: an gwada shi a jami'a, ba shi da illa ko kaɗan, mai ciki ta sha, jariri ya sha.

Ɗalibin bai yi ƙarya ba, ɓerayensa ba su mutu ba. Sai dai tambayar da ya yi wa ɓerayen ƙarama ce ƙwarai, amsar da ake yaɗawa da sunansa kuwa ta fi ta girma nesa ba kusa ba. Kafin a ga haka sai an san yadda ake aikin tun daga tushe.

A daji ake farawa, ko a kasuwar 'yan magani. A tsinko ganye, ko a sassaƙo ɓawo, ko a tono saiwa, a kai samfur wurin masanin tsirrai ya tabbatar da ko wane itace ne, ya ba shi lamba, ya adana shi a ma'ajiyar busassun tsirrai irin wadda ke Jami'ar Ahmadu Bello. Daga nan a shanya a inuwa, don rana na lalata wasu sinadaran, a daka a turmi, a jiƙa garin a metanol ko etanol ko ruwa na kwana uku ana girgizawa, a tace, a ƙafar da ruwan a kan zafi kaɗan-kaɗan. Abin da zai saura a gindin kwano wani baƙin abu ne mai danƙo kamar maɗi, ɗan kaɗan idan aka kwatanta da tulin garin da aka fara da shi. Wannan shi ne tataccen da za a gwada.

Ɓerayen farare ne masu jajayen idanu. Akwai babban ɓera da ƙarami, manyan galibi jinsin Wistar ne, sunan wata cibiya a Filadelfiya ta Amurka inda aka fara kiwonsu don bincike a farkon ƙarni na 20. Ana samo su daga gidan dabbobin jami'a, ko daga wurare irin cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom kusa da Jos. A bar su mako ɗaya ko biyu a keji a kan garin katako su saba da wuri, a yi wa kowanne alama a wutsiya, a hana su abinci daren da za a yi gwajin, da safe a ɗora kowanne a sikeli. Sai ɗura. A kama ɓera ta fatar ƙeya har kansa ya miƙe, a zura masa wata lanƙwasasshiyar allura mai dunƙulen baki ta maƙogwaro zuwa ciki, a matsa sirinji a hankali. Aikin na buƙatar hannu. In bututun ya kauce ya bi hanyar iska, ruwan ya shiga huhu, ɓeran zai mutu nan take, kuma wanda bai ƙware ba sai ya rubuta cewa gubar ganye ce ta kashe shi. Bayan ɗura sai zaman kallo: gashi ya tashi? Yana dalalar da miyau? Gudawa, karkarwa, kasala, numfashi sama-sama, ko ya koma lungu ya takure?

Hanyar da aka fi bi a jami'o'inmu ita ce wadda wani Bajamushe, Dietrich Lorke, ya wallafa a 1983, kuma dalilin farin jininta a fili yake: ba ta cin ɓeraye da yawa. A zagaye na farko ɓera tara ne, a kasa su uku-uku. Kashin farko a ba su miligiram 10 a kan kilo, na biyu 100, na uku 1,000, a zuba musu ido kwana guda. In duk sun tsira, a ɗauko wasu uku, ɗaya a ba shi 1,600, ɗaya 2,900, ɗaya 5,000. Idan na ƙarshen nan ya wayi gari yana gwaguyar abincinsa, an gama, za a rubuta cewa LD50 ta haura 5,000. Wato lambar da ake tinƙaho da ita, sau da yawa a kan ɓera ɗaya tal ta tsaya.

LD50 ɗin ita ce adadin da in aka ba dabbobi sau ɗaya zai kashe rabinsu. Wani masani ɗan Ingila, J. W. Trevan, ya fito da ita a 1927, kuma abin da ya dame shi lokacin daban ne. Magunguna irin dijitalis na ciwon zuciya, wanda ake samowa daga ganye, ƙarfinsu na bambanta daga haɗi zuwa haɗi, ana neman ma'aunin da zai nuna wane haɗi ya fi wane zafi. Daga baya ne aka mayar da ita shaidar lafiya. Tsohuwar hanyar aunata kan hallaka dabbobi gommai a gwaji guda, shi ya sa ƙungiyar OECD, wadda ƙa'idojinta hukumomin duniya ke bi, ta soke ta a 2002, ta bar wasu hanyoyi uku masu lamba 420 da 423 da 425. Su ƴan dabbobi kaɗan suke buƙata, galibi mata, ana tsayawa a miligiram 2,000 sai in da dalili, kuma ana sa ido har kwana 14.

A kwatanta lambar da rayuwar mutane. Miligiram 5,000 a kan kilo, ga ɓera mai giram 200, giram ɗaya ne. Ga mutum mai kilo 60, giram 300 ne na wancan baƙin danƙon a zama guda. Wa ke shan magani haka? Mai basir ko shawara ko sanyi, kofi yake sha safe da yamma, mako da makonni. Mai suga da mai hawan jini sukan shekara suna sha. Gishirin girki ma LD50 ɗinsa a ɓera wajen miligiram 3,000 ce, ke nan a wannan ma'auni ya fi yawancin ganyayen nan haɗari. Amma ainihin ɓarnar da gishiri ke yi wa mai hawan jini cikin shekaru, gwajin kwana guda ba zai taɓa ganinta ba.

Abin da ya faru a Beljiyam ya isa darasi. A 1990 wani asibitin rage ƙiba a birnin Burasel ya ƙara wasu saiwoyin ƙasar Sin a cikin haɗin da yake ba masu zuwa wurinsa, yawancinsu mata. Ɗaya daga cikin saiwoyin an musanya ta bisa kuskure da wata mai kusan suna ɗaya da ita a Sinanci, Aristolochia fangchi. Matan suka yi ta haɗiya wata da watanni, a ido lafiyarsu ƙalau. Sai wajen 1992 likitoci suka fara ganin mata masu sauran ƙuruciya suna zuwa da ƙodar da ta ƙanƙance ta koma tabo. Sun haura ɗari. Da yawansu suka koma wankin ƙoda ko dashe. Abin bai tsaya nan ba. A wani rahoto da aka buga a 2000, cikin marasa lafiya 39 da aka cire wa matattun ƙodojin da bututun fitsari don rigakafi, an sami ciwon daji a jikin 18. A 2002 hukumar binciken ciwon daji ta duniya, IARC, ta sa magungunan da ke ɗauke da wannan dangin tsirrai a rukunin abubuwan da aka tabbatar suna jawo wa mutum ciwon daji.

Abin takaicin shi ne ɓera ya riga ya yi gargaɗi shekara goma kafin likitoci su fara ganin matan nan. A 1982 wani mai bincike a Jamus, Ulrich Mengs, da abokan aikinsa sun buga sakamakon ba ɓeraye sinadarin da ke cikin irin wannan saiwa. Ba su ɗura musu da yawa sau ɗaya suka tashi ba. Kaɗan-kaɗan suka riƙa ba su kullum, suka kuma jira. Miligiram 10 a kan kilo na tsawon wata uku ya isa ya tsirar da ƙari a cikin ɓerayen, daga baya ya zama ciwon daji. Alhali kafin sinadarin ya kashe rabin manyan ɓeraye a ɗura guda, sai an kai wajen miligiram 200. To yi lissafi. A ce a cikin tataccen wata saiwa sinadarin nan kashi ɗaya ne cikin 200. Ɓeran da aka ɗura wa miligiram 5,000 na tataccen, gubar da ya haɗiya 25 ce kawai. Mai yiwuwa ne ƙwarai ya kwana ya tashi garau, a rubuta masa "ba haɗari". Saiwa ɗaya, ɓera iri ɗaya, gwaji biyu, amsa biyu masu karo da juna, kuma duka gaskiya ne.

Ba labarin Turawa da Sinawa kaɗai ba ne. Duman dutse da ake nema a ƙasar Hausa don saran maciji da ciwon ciki, sunansa na kimiyya Aristolochia albida, ɗan gida ɗaya ne da waccan saiwar.

Saboda irin wannan ne aka tanadi gwaje-gwaje masu tsawo. Na kwana 28 shi ne mafi ƙanƙanta. Ana kasa ɓeraye huɗu: kashi uku a riƙa ba su tataccen kullum, kaɗan da matsakaici da mai yawa, kashi na huɗu a ba su ruwa zalla don kwatance. Kowane kashi maza biyar mata biyar, ɓera 40 ke nan. Ana auna nauyinsu duk mako, da abin da suka ci, da ruwan da suka sha. Ranar ƙarshe a sumar da su, a ɗebi jini, a buɗe ciki. A cikin jinin ana duba ALT da AST, sinadaran da ke zama a cikin ƙwayoyin hanta, waɗanda ba sa yawaita a jini sai ƙwayoyin sun fashe. Ana duba yuriya da kiriyatinin, dattin da ƙoda ke fitarwa, wanda ke taruwa in ta gaza. Amma kiriyatinin maƙaryacin ɗan aike ne, yakan zauna daidai har sai kusan rabin aikin ƙoda ya tafi. Shi ya sa dole a ciro hanta da ƙoda da saifa da zuciya da huhu, a auna kowanne, a jiƙa a fomalin, a daskarar da su a kaki, a yanka siriri fiye da fatar albasa, a rina, ƙwararre ya duba a madubin likita. Nan ne ake ganin ɓarnar da jini bai riga ya tona ba. Masu aiki da kyau sukan ware wasu ɓerayen su bar su ƙarin mako biyu ba magani, don a ga ko ɓarnar na warkewa ko ta zauna.

Abin da ake nema a ƙarshe shi ne adadi mafi yawa da bai yi wata illa ba, kuma shi ma ba a ɗaukarsa kai tsaye a ɗora wa mutum. Jikin ƙaramar dabba ya fi saurin sarrafa magani, don haka ƙa'idar hukumar magunguna ta Amurka ta 2005 ta ce a raba adadin babban ɓera da 6.2, na ƙaramin ɓera da 12.3, sannan a sake rabawa da 10 don kariya kafin a fara gwada mutum. In ɓera ya jure miligiram 500 a kan kilo, na mutum zai dawo wajen 8, wato ƙasa da rabin giram a rana ga mai kilo 60. A ajiye wannan kusa da "a sha ludayi biyu" ko "a sha iya sha".

Gaba da na kwana 28 akwai na kwana 90 da ɓera 80, akwai na dabbobi masu ciki, akwai na ciwon daji wanda ke ɗaukar shekara biyu, kusan duk rayuwar ɓera, da dabbobi 400. A wurinmu da wuya a wuce kwana 28, kuma ba lalaci ba ne. Sau da yawa ɗalibi ne ke sayen ɓera da abincinsu da kayan gwajin jini daga aljihunsa. Ƙa'ida ta ce ɗakin dabbobi ya zauna a ma'aunin zafi 22, a yarda da sama ko ƙasa da uku. Ɗakin da babu tsayayyar wuta a watan Afrilu a Sakkwato fa? Ɓeran da zafi ya galabaitar yakan rage ci, ya ƙara sha, jininsa ya canja, a rasa na ganye da na bazara. Abin da ba ni da uzuri a kansa shi ne rubutun da hotonsa ke nuna matattun ƙwayoyin hanta ɓaro-ɓaro, amma a layin ƙarshe a ce "ana iya cewa ba shi da haɗari". Akwai kuma matsalar ƙidaya. Illar da ke kama ɗaya cikin goma, in ka gwada ɓera goma, akwai yiwuwar kusan kashi 35 cikin 100 ba za ka gan ta ko sau ɗaya ba. Balle wadda ke kama mutum ɗaya cikin dubu goma.

Ko an yi komai daidai, ɓera dai ɓera ne. Ba ya amai, don haka maganin da zai sa mutum ya kwana yana kelaya amai, shi shiru za ka ji. Babban ɓera ba shi da maɗaciya. Zuciyarsa na jure gubar dangin dijitalis ninki masu yawa fiye da ta mutum, kuma irin wannan gubar ce a cikin tumfafiya da ƙwanƙwanin da maharba ke dafa dafin kibiya da shi. Wanda ya gwada su a ɓera kaɗai zai raina su. Wasu zomaye na da sinadari a jininsu mai rusa atirofin, ɗaya daga cikin gubobin da ke cikin zaƙami, wanda ke haukata samari. Wata gubar hanta da ke cikin wasu ciyayi na kashe shanu da dawaki, tumaki da ɓeran Masar kuwa sun fi jure mata. Farasitamol da muke ba yara, ƙwaya ɗaya na iya kashe kyanwa. Don haka hujjar nan ta ƙauye, "ai akuya na cinsa", da hujjar lasifika, "ai an gwada a ɓera", rauninsu ɗaya. Wani nazari da aka buga a 2000 ya bi magunguna 150 da suka yi wa mutane illa, ya koma ya duba ko gwajin dabbobi ya hango illar. Dangin ɓera kaɗai sun hango kashi 43 cikin 100. Da aka haɗa da wasu dabbobin irin kare da biri, ya kai 71. Ba abin yasarwa ba ne, ba kuma abin rantsuwa ba.

Maganar masu ciki ta fi kowace tsanani. Talidomayid ba ganye ba ne, amma labarinsa ne ya kafa dokar. An fara sayar da shi a Jamus ta Yamma a 1957 a matsayin maganin barci mai lafiya, domin an yi ta ɗura wa ɓeraye an kasa samun adadin da zai kashe su. Mata masu laulayi suka sha. Kafin a janye shi a 1961 an haifi jarirai sama da 10,000 da nakasa, da yawa hannuwa da ƙafafu dungu. Da aka koma aka gwada a dabbobi masu ciki, ɓera bai nuna abin sosai ba, zomo da biri ne suka nuna. Tun daga nan ake neman a gwada jinsi biyu, ɓera da zomo, suna ɗauke da ciki. Tataccen da aka ɗura wa ƙosassun ɓeraye marasa ciki bai ce komai ba game da mai ciki, bai ce komai ba game da jaririn da ake ba dauri.

Wani lokacin kuma dabba kan tsorata mu fiye da kima. Atemisinin, maganin zazzaɓin cizon sauro wanda Tu Youyou da abokan aikinta suka tato daga wani ɗan'uwan tazargade a Sin a farkon shekarun 1970, ƙananan ɓeraye masu zazzaɓin cizon sauro ne suka fara nuna yana aiki. Amma a ɓeraye da zomaye masu ƙaramin ciki yana kashe ɗan tayi. Shekaru da yawa aka guji ba mata shi a wata ukun farko, sai a 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da haɗin atemita, wanda aka samo daga atemisinin, da lumefantirin a wannan lokacin, bayan an tara bayanan matan da suka sha ba a ga abin da ake tsoro ba. Jiran ya yi tsawo, amma a ganina kuskure ne ta ɓangaren da ya fi sauƙin gyara.

Saura tambayar da aka fi tsallakewa: abin da aka ɗura wa ɓeran, shi ne abin da mutane ke sha? Ɗalibi ya jiƙa a metanol, tsohuwa ta tafasa a ruwa da jar kanwa da tsamiya. Abin da metanol ke tsamowa daban, abin da tafasasshen ruwa ke tsamowa daban, kanwa kuma na iya sauya duka. Wasu binciken ma ba ta baki suke bayarwa ba, allura suke yi a kogon ciki. Ɗalibi ya gwada itace ɗaya, mai magani ya haɗa bakwai. Ganyen damina ba ɗaya yake da na rani ba. Sashen itacen ma magana ce. Ganyen darbejiya da ake sirace da shi daban yake da man ƴaƴanta, wanda likitoci a Malesiya suka ba da rahoto tun 1981 cewa yana sa jarirai amai da jijjiga da suma. Rai-ɗore da muke dafa ganyensa don zazzaɓi, ƴaƴansa ne aka gano suna kashe yara a yankin Saharanpur na Indiya ta hanyar lalata hanta da tsoka da ƙwaƙwalwa, a binciken da aka buga a 2007, abin da likitocin dabbobi suka daɗe da sani a jikin shanu. Tacewa ita kanta kan mayar da abinci magani mai kaifi: hukumar lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ta ce a 2018 koren shayin da ake dafawa a sha ba shi da matsala ga yawancin mutane, amma ƙwayoyin da aka tattara sinadarinsa har miligiram 800 a rana na iya taɓa hanta. Duk wannan kafin a zo kan kwalbar da aka zuba wa ƙwayar bature a ɓoye, ta ƙarfin maza ko ta sa ƙiba, ko garin da ya yi funfuna a buhu, ko wanda dalma ta shiga. Ganyen da aka tsinko a gonar jami'a ba zai ba da shaida a kan waccan kwalbar ba.

Hukumar NAFDAC ta san wannan iyaka, kuma tsarinta ya nuna haka ga mai karanta kwali da kyau. Yawancin magungunan gargajiya da ke da lambarta, lambar na ƙarewa da harafin L. Ma'anarsa an sa maganin a jeri na shekara biyu bayan gwaje-gwajen da suka nuna ba a ga guba a fili ba. Ba a ce yana warkarwa ba. Shi ya sa ake tilasta rubuta wa a jikin kwalin cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin da aka yi ba. Cikakkiyar rajista sai an yi gwaji a kan mutane. An ga bambancin a 2020, lokacin da shugaban Madagaska, Andry Rajoelina, ya fito da ruwan Covid-Organics, aka kawo wa Nijeriya ta hannun shugaban Gini Bisau. Cibiyar binciken magunguna ta ƙasa, NIPRD, da ke Abuja ta gwada, ta ce bai cutar da dabbobin ba, ya ma rage musu tari, amma ba ta ga shaidar yana maganin korona ba. Rashin cutarwa tambaya ɗaya ce, warkarwa wata.

Ita wannan cibiyar ta taɓa nuna cewa ana iya bin hanyar har ƙarshe. Niprisan na masu sikila daga haɗin wani mai maganin gargajiya ya samo asali: masoro, kanumfari, karan dafi, da wani jan itace da Yarbawa ke kira osun. A ƙarƙashin Farfesa Charles Wambebe aka daidaita haɗin, aka gwada a dabbobi, sannan aka gwada a kan masu ciwon ana kwatantawa da maganin bogi, aka buga sakamakon a 2001. Abin da ya tuntsurar da shi daga baya rikicin kuɗi da na kamfani ne, har ya ɓace daga kasuwa na wasu shekaru.

Su ɓerayen fa, suna da haƙƙi? Mu da muka tashi da hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta ɗaure ba ma buƙatar a shigo mana da wannan tunani daga waje. Masana biyu, Russell da Burch, sun tsara shi a 1959: inda za a iya aiki ba dabba a yi, inda ba makawa a rage yawansu, waɗanda aka yi amfani da su a sauƙaƙa musu wahala. Jami'o'i irin ta Zariya na da kwamitin da ke duba wannan kafin a fara bincike. Abin da ya fi damuna shi ne asara. Ɗalibai nawa ne suka sake auna LD50 ta ganyen zogale, kowa ya kashe nasa ɓerayen ya sami amsar da aka riga aka sani? Da an haɗa kuɗin da dabbobin wuri ɗaya, da sun isa gwajin kwana 90 a kan ainihin jiƙon da ake sayarwa a kasuwa. Akwai ma gwajin Ames, wanda ake yi da ƙwayoyin bakteriya a faranti cikin ƴan kwanaki ba tare da an taɓa dabba ba, yana nuna ko abu na lalata ƙwayar gado. Sinadarin waccan saiwar ta Beljiyam na cikin abubuwan da yake kamawa.

Illar da ta tsallake duk waɗannan matakai, a gadon asibiti ake ganinta, kuma nan ne muka fi rauni. Mutum zai zo ƙafafu a kumbure, fitsari ya ɗauke, ko idanu sun yi ɗorawa. Likita ya tambaya, "Baba, ka sha maganin gargajiya?" Ya ce a'a, don ya san faɗa za a yi masa. In ma ya amsa, sai ya ce wani jiƙo ne ƙaninsa ya aiko daga ƙauye, ba suna, ba a san abin da ke ciki ba, jarkar kuma an zubar. Likitocin Beljiyam sun gano bakin zaren ne domin matan duk asibiti ɗaya suka je, akwai takardar abin da aka ba su, akwai ragowar garin da aka kai ɗakin gwaji. NAFDAC na da takardar kai rahoton illar magani, mai ruwan ɗorawa, kuma tana karɓar rahoto a kan na gargajiya kamar yadda take karɓa a kan na bature. Amma likita ba zai iya cika ta da "wani jiƙo" ba. Sai ƴan'uwan mara lafiya sun zo da kwalbar ko ragowar saiwar, sun faɗi inda aka saya, da yawan da yake sha, da tun yaushe ya fara.